Layar da Tsohuwa ta Farke

Daga Abdussamad, mazaunin Gidan Sabo a ƙasar Malumfashi, zuwa ga aminina Mati na Lakwaja. Gaisuwa mai yawa, da so, da yarda. Ina fata kana lafiya, kai da Barakatu da 'ya'yanku, kuma ciwon da sarƙa ta bar maka a ƙafa ya yi sauƙi. Ni dai ina nan, tsufa ya zo, haƙora sun tafi.

Bayan haka, shekara goma sha ɗaya ban rubuto maka ba, don ba ni da labarin da ya isa a ɓata masa tawada. Yau ina da shi. Buba bafatake zai tashi da ayarinsa in ruwan koguna ya janye, zan riƙa rubutawa ina ajiyewa har ranar.

Ka san burin da na baro ka da shi a bakin kogi, cewa zan koma gida in hau buzuna kamar dā. Na iso na tarar matata ta rasu, 'ya'yana biyu ba wanda ya san inda aka kai su, littattafaina gara ta cinye, waɗanda na koya wa baƙi da wasali kuma suna kirana tsohon bawa a bayan idona. Shekara ashirin na yi ina karatu, ban ga abin da ya tsare mini ba ranar da mahara suka ɗaure ni igiya ɗaya da kai. Sai na ɗauki gafakata na shigo cikin Maguzawa, inda ba mai tambayata asalina. Ba sa karatu, amma suna girmama rubutu, da rubuta musu laya nake ci.

Ga abin kunyar. Falle talatin da shida ɗin nan da ka kwafa mini da hannunka, na labarin Isa Almasihu, na karanta har inda aka gicciye shi aka sa shi a kabari. Na ce to, shi ma abin da ya samu ke nan, na rufe. Da takarda ta yi mini wuya sai na riƙa zarar falle ɗaya ina naɗewa, baduku ya ɗinke, in ce maganin maciji ne ko na haihuwa. Haka na rabar da su duka.

Jiya Tsohuwa, uwar Sabo mai gidanmu, wadda ke kwance tun ruwan farko, ta aiko surukarta Marka ta kira ni. Na shiga na ga layarta a farke a kan tabarma, da aska a gefe. Mati, kowa ya san ba a buɗe laya! Ta ce shekara shida tana rataye da magana a wuyanta, ba za ta mutu ba ta ji abin da ake ce mata ba. Na ɗauki takardar na karanta. Wurin da Isa ya tsaya ne a bakin kabarin abokinsa, ya yi kuka, ya gaya wa 'yar'uwar mamacin cewa shi kansa ne tashin matattu, wanda ya dogara gare shi ko ya mutu zai rayu, sannan ya kira mamacin ya fito.

Ta tambaye ni ko shi mai kiran ya mutu. Na ce ya mutu. Ta ce to wa ya kira shi? Na ce na ji a bakinka cewa ya tashi. Ta ce bakina ba abin yarda ba ne, tunda ni na ce mata wannan maganin ciwon baya ne, amma ta lura in yatsana yana kan layi muryata takan zama ta wani mutum. In kawo takardar da ta faɗi haka, in kuma yi sauri, don ita ba ta da kwana da yawa.

Ka ga inda ta ajiye ni. Sai na bi mutum talatin da biyar na ce kowa ya buɗe layarsa, wato in gaya wa kowa da bakina cewa na yaudare shi. Abin mamaki, tun asuba na ɗaure takalmina, ƙafata tana ƙaiƙayin tafiya.

Ka gaida Barakatu. Naka, Abdussamad.

Daga Abdussamad zuwa ga ɗan'uwana Mati. Gaisuwa da aminci. Ina fata wannan ma ta same ka cikin ƙoshin lafiya, da iyalinka duka.

Kwana tara ke nan, na tara falle talatin da ɗaya! Da ka ga tsohon abokinka yana ratsa dawa daga wannan gida zuwa wancan, da ka yi dariya har ka zauna. Na kwance ɗaya daga wuyan jaki, na sauko da biyu daga bakin rumbu. Wani maharbi mai suna Bature ya ɗana mini kibiya, ya ce ashe fata da banza ya shiga daji shekara huɗu, sannan ya jefo mini tasa a cikin taɓo. Wata mata mai suna Sabuwa kuwa dariya ta yi, ta ce ko me na rubuta ita dai ta haifi uku, in karanta mata ta ji. Na karanta, ta ce in sake. Ba wanda zai ƙara sayen laya a hannuna, wannan na sani, kuma ban damu yadda na zaci zan damu ba.

Kullum da la'asar nakan jera abin da na samu a gaban Tsohuwa in karanta mata. Shekaranjiya na iske Marka ta ɗaure farin zakara a ƙofar ɗaki. Ka san Maguzawa, kowane iska da launin abin da ake yanka masa, wani ja, wani baƙi. Tsohuwa ta yi tunani ta ga wannan Isa fari zai so, tana tambaya a gindin wace itaciya za a zuba masa jinin. Sai na tuna abin da kake ta nanata mini a Lakwaja ina toshe kunne. Na ce ba a yanka masa komai, shi ne ya ba da kansa aka yanka, sau ɗaya, don kowa. Ta ce to me ake kai masa? Na ce yarda kawai.

Ta ce ƙarya nake yi kuma, ba wanda ke ba da rai a kan yarda kawai. Na jawo fallen da na ciro daga taɓon Bature, na sa yatsa. Labarin ɓarawon nan ne da aka gicciye kusa da shi, hannunsa a kafe, ba ya iya yanka, ba ya iya sadaka, ba ya iya gyara ko abu ɗaya da ya ɓata. Ya ce dai a tuna da shi, aka kuwa yi masa alkawarin Aljanna a ranar. Tsohuwa ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce ashe na irinta ne, masu hannun da ba ya ɗaguwa. Ta kuma ce wannan ɓarawon ya fi ni wayo, ni da na sha karatu.

Mati, maganar ta shige ni. Shekarun nan duka fushi nake yi da Allah don ina ganin karatuna ya isa ya sa a kyautata mini. Ban taɓa zuwa gabansa hannu wofi ba.

Amma fallen da take so bai fito ba. Na zauna na tuna wa na ba wa fallen ƙarshe. Sabo ne. Na sa masa a ƙahon akuya, na liƙe da kaki, ya binne a tsakiyar gandunsa, kuma tun daga shekarar yake samun dami dubu. Na same shi da maganar. Ya ce dawarsa ta fidda kai, ba a girbe ba, duk wanda ya tona ƙahon nan ya tona abincin mutum arba'in. Bai hana ni ba, don uwarsa ce ke so. Ya ce dai ranar da na tona, ranar zan bar gidansa. Ba ni da wani gida, ka sani. Numfashin Tsohuwa kuma yana ta gajarta.

Ka yi mini addu'a irin taku. Naka, Abdussamad.

Daga Abdussamad zuwa ga Mati, aminina na ƙwarai. Gaisuwa da farin ciki. Allah ya sa kuna lafiya, manya da ƙanana.

Na tona! Da hantsi na tona, da dagin Marka, Sabo yana tsaye a bakin gona ya harɗe hannu. Laima ta shiga ƙahon, ta ci gefe ɗaya na takardar, amma tsakiyar tana nan da rubutunka mai karkata. Ban tsaya karantawa ba, na ruga da ita gida. Ni da ba na iya hawa jaki sai an tallafe ni, gudu na yi.

Na durƙusa kusa da kanta na sa yatsa. Mata ne suka je kabarin da sassafe a rana ta uku, suka tarar an kawar da dutsen, likkafani yana ajiye, babu gawa. Ɗaya ta tsaya tana kuka, ta zaci an sace shi, sai ga shi a bayanta ya kira ta da sunanta. Ya shiga wurin mabiyansa, waɗanda suka gudu suka bar shi, bai yi musu gori ba, sallama ya yi musu, ya nuna musu raunin hannunsa. A nan na fashe da kuka. Ni ma na gudu na bar shi, na yanyanka labarinsa na sayar, ga shi kuma sallama yake yi.

Tsohuwa ta ce in ci gaba, ba ni aka ce in yi kuka ba. Da na gama ta ce yanzu ta ji a muryar da ba ta ƙarya. In shi ya fito daga nasa, ya san hanyar fito da ita daga nata. Ta ce a gaya masa ta yarda. Na ce yana ji, ta gaya masa da kanta. Ta kuwa gaya masa, kamar yadda take yi wa maƙwabci magana ta kan danga. Ta juyo ta ce, kai fa, Malam? Na ce ni ma. Ban taɓa faɗin kalma biyu masu nauyin waɗannan ba.

Ta cika bayan kwana biyu, da rana tsaka, Marka tana riƙe da hannunta. Da aka rufe ta mata suka yi ta kuka, ni ma na yi, amma ina kallon ƙasar nan ina cewa a raina, ajiya ce, mai ita zai zo ya kira suna.

Sabo bai janye maganarsa ba, ban kuma roƙe shi ba, don gaskiyarsa ce. Ya bar ni har aka gama zaman makoki, yau da safe na fitar da tabarmata da gafakata. Ban san inda zan sauka ba. Sabuwa ta aiko cewa akwai bukka a bakin gonarta in zan riƙa karanta mata, zan fara can.

Buba yana ɗaura wa jakunansa kaya, dole in naɗe. Abu biyu nake roƙo. Falle uku masu su sun ƙi buɗewa, ga kuma gefen da laima ta ci, ka sake kwafa mini duka, da manyan baƙaƙe don idona. Na biyu, ka tambayar mini manyanku ko ana yi wa tsoho mai shekara sittin da biyar wankan nan naku na shiga bangaskiya. In ana yi, kada su jinkirta amsa, don a shirye nake in taka har Lakwaja da ƙafata.

Ka gaida Barakatu da yara, ka gaya musu ya tashi, na karanta da idona.

Ɗan'uwanka, Abdussamad.