Takalma a Buhun Siminti

Ƙanena Mamman,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya zaman Abijan? Yaya Hajo da yara? Mu nan Tsarnawa lafiya lau, hatsi ya shiga rumbu, gwiwata ce kawai ba ta ji labari ba.

Ƙarar ɗanka Idi na kawo maka, Idin da na rena, wanda yau ake ce wa mushe, wato malami, a lakwal, makarantar bokon Malbaza. Ya zo neman wasan ƙwallo tsakanin yaransa da namu. Na ce namu ba su da takalma. Ya ce: "Baba, nawa ma za su tuɓe." Na bi gida-gida na ba iyaye wannan magana da bakina.

Ranar wasa an tafi hutu muna gaba da ci ɗaya, sai Idi ya kwance wani buhun siminti. Mamman, takalma ne ciki! Ya raba wa yaransa, suka sa, aka koma fili. Na kira sunansa sau uku, ya zama kurma. Ba a jima ba aka taka ɗan Tanko maƙeri, farcen babban yatsansa ya fita. Tanko kallona kawai ya yi.

Sai wani ɗan tsito cikin yaran Malbaza ya tuɓe nasa, ya ajiye gaban Idi, ya ce: "Mushe, ba haka muka yi da su ba."

'Yan Malbaza dai sun ci wasan. Ka rubuta wa Idi ya zo ya ba Tanko haƙuri. In ya manta yadda ake yi, ya taho da yaron nan da ya tuɓe takalmansa.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hajo da maƙwabta.

Yayanka,
Abdu