Wanki Bakwai, Ɗaya da Ƙasa

Taman Melati, Kuala Lumpur
Kwana hamsin da biyu da rasuwarka

Zuwa ga Abban Husna,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Takardar ma daga littafina na yago ta, irin wanda nake rubuta abubuwan yini a ciki, kana tsokanata wai ko ƙuda ya gifta sai na sa masa lokaci. Tsohon littafin ruwa ya tafi da shi. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina sokewa, don ban tabbata ina da bakin yi maka magana ba.

Bari in fara da labarin gida. An same ka bayan kwana biyu, can ƙasan gada, a cikin itatuwa. Abokan karatunka suka yi maka wanka, suka hana ni ganin fuskarka, ban kuma yi musu ba. Yanzu muna wajen abokinka Malam Nura da matarsa, a hawa na goma sha huɗu, inda ruwa ba ya kaiwa. Hajiyarka tana kira duk Juma'a. Idan na fita takaba za mu koma Kano. Tun ranar ambaliyar ban sake yi wa ɗalibai tuwon sayarwa ba.

Ka san farkon abin, amma ƙarshensa ba ka gani ba. Ƙarfe uku da minti goma aka fara ruwan, ina tuƙa tuwon ɗaliban unguwar Bukit Jalil. Kafin la'asar kogin bayan gidanmu ya fasa katanga. Ba ruwa ba ne, Abban Husna, laka ce ja mai gudu, ɗauke da gungume da firji da babur. Ta ɓalle ƙofa, ta maka ni da bango har haƙorina ya karye. Ka turo ni kan rufin rumfar mota, ka koma ka ɗauko Husna, ka miƙo ta. Na riƙe ƙugunta, ita kuma ta riƙe hannunka da hannu biyu, ruwa yana wuyanka. Sai ga gungumen. Na gan shi, kai ma ka gan shi. Na ga ka buɗe yatsunka da kanka, don kada ka tafi da ita. Na ji ƙarar da ya yi a kanka. Har yau idan aka fasa kwakwa a kasuwa sai na toshe kunne.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. A kan rufin nan, na damƙi yarinyar nan mai shekara bakwai na girgiza ta, na yi mata ihu a fuska: me ya sa kika sake shi? Sau nawa na faɗa? Ban sani ba. Ni mai ƙirga komai, wannan ban ƙirga ba. Na ga gaskiya da idona, amma bakina ya faɗi wani abu daban. Wace irin uwa ce wannan?

Daga nan Husna ba ta ƙara magana ba.

Aka kai mu zauren wata makaranta, mu da maƙwabta, kowane gida da tabarmarsa da bargo. Sai a can na lura da abin da ke hannuna: muciya. Ba fasfo ba, ba kwamfutarka mai aikin shekara huɗu ba. Muciya kawai na fito da ita.

Husna ba ta kuka, abinci sai an tura mata. Ruwa kuwa ko a kofi ta gani sai ta ja da baya. Kwana tara lakar tana kanta, ta bushe a kitsonta, bayan kunnenta ya fara ƙuraje. A rana ta tara na ja ta banɗaki da ƙarfi. Da na buɗe famfo ta cije ni a damtse har jini. Na mare ta. Na sake marin ta. Kai da ka ce ko da wasa kada a taɓa maka ita. Ta dube ni kawai. Na fito da ita da lakarta.

Washegari wasu masu aikin sa-kai suka zo da karnuka uku, wai horarru ne, ana kai su wajen waɗanda bala'i ya raba da gidajensu don su sami natsuwa. Da yake yawancinmu Musulmi ne ba a shigo da su zaure ba, sai aka kafa musu rumfa a wajen ajiye motoci, mai so ya je. Na rubuta a sabon littafin da na samu a can cewa wannan rainin hankali ne. Mutum ya rasa miji a kawo masa kare?

Da azahar na idar da salla ban ga Husna ba. Na fita nema, muciya a hannu, don tun ranar ba na ajiye ta. Na hango ta a rumfar, zaune a ƙasa, wani ƙaton kare mai ruwan ƙasa ya ɗora kansa a cinyarta yana lasar hannunta. Ban san ko cizo na zata ba, ko ƙazanta na gani, ko kuwa haushi na ji don ta je wajensa ba wajena ba. Na sha juya wannan a raina, ban sami amsar da za ta wanke ni ba. Na dai ruga na sauke masa muciya a ka. Na ƙara masa a haƙarƙari. Saman idonsa ya tsage, jini ya zuba a kan siminti. Mai shi, wata dattijuwa Ba'indiya, tana ihu tana riƙe ni, na ture ta ta faɗi. Karen nan da zai iya cire mini hannu bai ko buɗe haƙora ba. Ya kwanta ya manna cikinsa da ƙasa yana kuka ƙasa-ƙasa.

Na ɗaga muciyar karo na uku, sai Husna ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta. Ta ce, "Umma, bai yi komai ba. Ni ce na saki Abba. Ni za ki doka."

Da Hausa ta faɗa, Abban Husna. Shekara nawa kana fama da ita, kana yi mata Hausa tana mayar maka da Turanci?

Na durƙusa a cikin jinin nan na gaya mata abin da na gani: gungumen, da yatsunka, da yadda ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata ƙarya na yi a kan rufin, laifin bakina ne ba na hannunta ba. Ban san ko ta yarda ba. Ta dai yi kuka, karo na farko, fuskarta a cikin gashin karen.

Ka tuna Makcik Salmah, maƙwabciyarmu mai sayar da shinkafar nasi lemak? Ita ta zo ta tsaya a kanmu, ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce wa Husna a wajensu wanda yawun kare ya taɓa sai ya wanke wurin sau bakwai, ɗaya da ruwan da aka dama da ƙasa, kuma idan tana son ta dawo wajen karen gobe, to wannan ce ƙa'ida. Na tuna ka taɓa ce mini a mazhabarmu ƙwaryar da ya sha ake wankewa, ba jiki ba. Ko ban fahimce ka daidai ba? Na dai bar ta ta yi. Makcik ta ɗebo ƙasa mai tsabta a gindin bishiya, ta dama a roba. Husna ta dubi ruwan, jajir irin na ranar. Sai ta miƙa hannunta. Ita ta ƙirga da bakinta, ɗaya har bakwai. Da aka kai bakwai Makcik ta ce ai ya lashi kunnenta ma, da wuyanta, da kanta. Haka lakar kwana goma ta fita.

Sunan karen Kopi. An yi masa ɗinki biyar. Bai dawo washegari ba, bai sake dawowa ba har muka bar makarantar. Makon jiya na kasa haƙuri, duk da ina takaba, na ɗauki Husna muka hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Brickfields, gidan Madam Devi, dattijuwar nan mai karen. Idan fitar nan laifi ce, ka yafe mini. Na ba ta haƙuri. Ta ba mu shayi, sannan ta gaya mini gaskiya: tun ranar, idan aka ɗaga hannu kusa da shi sai ya maƙale a lungu, don haka an cire shi daga aikin. Shekara shida yana zuwa wajen mutane irinmu, ni na kawo ƙarshen abin. Yara nawa ne za su zauna shiru a wani zauren, babu shi?

Da ya ga Husna ya taso da gudu. Da ya gan ni ya tsaya cak. Na zauna a ƙasa, na ajiye hannuna a buɗe a kan gwiwata, kamar yadda Madam Devi ta nuna mini. Minti goma sha ɗaya, na duba agogo. Sannan ya matso ya shinshina, ya ɗora haɓarsa a tafina. Ban san ko kare yana yafiya ba. Kai fa?

Husna tana magana yanzu, ba da yawa ba. Tana wanka idan da bokiti ne. Har yanzu idan na miƙa hannu da sauri don in gyara mata hijabi, takan kauce. Ina koyon miƙa shi a hankali.

Da muka dawo daga Brickfields ita ta dama mini ƙasar, ta zuba mini a hannu, tana ƙirgawa. Da ta kai bakwai ba ta saki hannun ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ruwan nan ya zame maka shahada. Ka huta lafiya.

Matarka,
Maman Husna