Shukar da na kawo ce ta kwantar da kyanwar Gwaggo

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Wata uku ke nan da aka kawo ni birni in kula da gwaggona, ta faɗi ta karye a ƙugu, ba ta iya sauka daga bene. Mu biyu ne a gidan sai kyanwarta, Safa, da take kwana a ƙafafunta. Ni karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Gwaggo kullum tana zaune tana kallon bango, sai ta ba ni tausayi. Ran nan na ga an yar da wata shuka a gindin matakala, mai faffaɗan ganye da ɗigon fari, na dasa a gwangwanin madara na ajiye mata a taga. Wallahi ranar har dariya ta yi. To tagar nan ce wajen shan ranar Safa. Na ga tana tauna ganyen, ban hana ta ba, don a wajenmu dabba ta san abin da ba ta ci, akuya ma ba a gaya mata. Kafin la'asar sai yawu, tana ta susar bakinta da ƙafa, ta yi amai. Na ɗura mata madara. Yau kwana biyu ruwa kawai take lasa.

Na tsorata na ɓoye gwangwanin bayan tankin ruwa. Ita kuwa Gwaggo ta rantse maƙwabcinmu mai tattabaru ne ya sa guba, don sun taɓa faɗa kan Safa. Ta daina amsa gaisuwarsa, ta ce ɗanta zai zo Asabar ya same shi. Bawan Allahn nan shi yake hawo mana da tukunyar gas. Kuma yanzu tana tambayata ina shukarta, wai in dawo da ita in ƙaro wasu. In na faɗa, ina tsoron a mayar da ni gida a ce ban iya komai ba. In na yi shiru kuma ban san me zai faru Asabar ba. Ya zan yi?

Baƙuwa a bene

Ƙanwata,

Fara da kyanwar. Yau ki kai ta wajen likitan dabbobi, ki tafi da ganye ɗaya a leda. Irin shukar da kika kwatanta ruwanta na ƙona baki da maƙogwaro, galibi ana warkewa, amma kwana biyu ba ci ba abin jira ba ne. Kada ki sake ɗura mata komai.

Niyyarki mai kyau ce, kuma ba wanda ya taɓa gaya miki cewa kyanwar da ta tashi a ɗaki ba ta bambance ganye. Laifin bai fara ba sai da kika yi shiru ana zargin wani. Gwaggo ma kada ki ga baƙinta, tsoro ne, kyanwar nan ce abokiyar zamanta. Ki faɗa mata kafin Asabar, da bakinki, tun daga matakala har bayan tanki. Za ta yi faɗa, ki jure. Ban ce ba za a mayar da ke ba, amma wadda ta faɗi gaskiya ta fi wadda aka gano damar zama.

Shuka kuma kada ki hana Gwaggo. Ki guji fulawar lili, wannan kisa take yi, da alobera da moda mai dogayen ganye kamar takobi. Ki nemi mai siraran ganye da ratsin fari wadda 'ya'yanta ke reto, ko ki shuka alkama a kwano, Safa ta yi ta ci. Duk wadda ba ki sani ba, ɗauki hotonta ki nuna wa likitan kafin ta shigo ɗaki.

Bayan nan sai ki sauka ki ba maƙwabcin haƙuri, ko Gwaggo ba ta aike ki ba. Allah ya ba marasa lafiyarki biyu sauƙi, ke kuma ya ba ki ƙarfin zuciya.

Antinki