Na Ce wa Tsoho Ya Bar Shi a Hannuna

Anti Glenys,

Don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Na gwada mijina, ya ce tunani ya yi mini yawa, ya ƙara ƙarar talabijin.

Shekara da shekaru ina aiki a ofishin tallafin kuɗin haya na ƙaramar hukumarmu a kudancin Landan. A da, a jerin tagogin da ake sauraron jama'a, taga ta uku ce tawa. Bara aka miƙa aikin ga wani kamfani, wai zai fi sauri da araha, aka kwashe mu zuwa wani dogon gini a bayan gari, kowa da waya maƙale a kunne. Yanzu ba na ganin fuskar kowa. Abin da allon kwamfuta ya nuna shi nake karantawa, idan na daɗe da mutum wata fitila ta yi ja. Takardun jama'a kuwa suna wani ɗaki cikin kwalaye har rufi, ba mai taɓa su sai layi ya zo kansu.

Sau da yawa sai hankalina ya tafi, Anti. Bakina yana magana, ni kuwa ina tsohon ofis. Ruwan sama yana gangarowa a gilashi, jiƙaƙƙun rigunan sanyi suna tururi, buta tana tafasa a baya, mata suna jijjiga kekunan jarirai suna gulma. Wani lokaci har nakan ga layin ya fita ƙofa ya haye kogi, laima bayan laima, kowa na san sunansa, ina sallamar su ɗai-ɗai suna tafiya da murmushi. Sai fitilar ta yi ja in dawo.

Makon jiya ina cikin wannan tunanin sai na ji muryar da na sani a waya. Bari in kira shi Mista Dobson. Tsohon direban bas ne, ya haura tamanin, ba shi da kowa. Gidansa a ƙasan bene yake, da ɗan lambu a baya, inda ya binne tokar gawar matarsa Ivy, da aka ƙone bisa al'adarsu, a gindin wata fulawa. Kullum da safe yakan fita da kofin shayi ya ba ta labarin ƙwallo.

Ya ce, "Kai! Ba yarinyar taga ta uku ba ce? Ina kika shige, 'yar nan? Na je ofishinku na tarar ana sayar da katifu!" Na yi dariya, idona ya ciko. Sai ya ce tallafinsa ya tsaya tun bazara, masu gidan sun kai shi kotu, ƙarshen watan nan za su nemi a fitar da shi. Na duba, takardunsa sun iso tuntuni, layi kawai suke jira. Ba shi da laifin komai.

Kafin in ankara bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa a taga: "Bar shi a hannuna, Mista Dobson." A da idan na faɗi haka, tashi nake yi in zagaya baya in dafa kafaɗar mai duba takardu, kafin a tashi aiki an gama. Yanzu ko ƙofar bayan ba ni da iznin buɗewa. Shi kuwa ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "To madalla, ba sai na ja gwiwoyin nan zuwa kotu ba. Bari in je in faɗa wa Ivy." Ya ajiye waya.

Wadda ke zaune kusa da ni ta ce in lallaɓa ɗakin kwalaye lokacin cin abinci in zaro nasa in ɗora a sama. An kori wani kan haka, ni kuma ina da yara biyu. Tun ranar nake ganin tsohon nan a raina, tsaye a lambu da kofinsa, hankalinsa kwance saboda maganata. Tsoro nake ji. Yaya zan yi?

Ta Taga ta Uku

Ya ke 'yar'uwa,

Wasiƙarki ta taɓa ni, amma lokaci ya ƙure, don haka ki ɗan ajiye tsohon ofis mu yi maganar yau.

Kada ki shiga ɗakin kwalaye. Idan aka kama ki, kin rasa aiki, shi kuma bai tsira ba. Ki tuna kuma takardar da za ki danne a ƙarƙashin tasa ta wani tsohon ce da bai yi sa'ar sanin muryarki ba. Dokar layi ba don mugunta aka yi ta ba, ko da yake kamfanin da ya bar layi ya kai haka ya ci amanar mutane.

Gobe da safe ki sami shugabanki ki faɗa masa a fili cewa ga dattijo da ranar kotu a kansa. Mai irin wannan matsala yana da haƙƙin a duba nasa da gaggawa, a fara biyan wani abu kafin a kammala lissafi, tunda jinkirin ba daga gare shi ba ne. Ki nemi a rubuta wa kotu da masu gidan haka. Idan aka yi miki hanya-hanya, akwai kansilan unguwarsa da ofishin ba da shawara kyauta. Ƙaramar hukuma ta ba da kwangilar aikin ne, nauyin yana nan a wuyanta.

Abu mafi wuya shi ne na farko da za ki yi. Ki nemi izni ki kira shi ta wayar ofis ki janye maganarki. Ki ce masa abin ba a hannunki yake ba, lallai ya je kotu ranar nan, ya nemi lauyan da ke taimakon masu haya kyauta. Wanda bai halarta ba, a bayan idonsa ake yanke masa hukunci. Zai ji ciwo, wataƙila ya ce kin canza. Ki jure. Gara ya yi fushi da ke yana cikin gidansa da ya riƙa yabon ki a bakin titi.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya bar shi kusa da matarsa.

Anti Glenys