Kyamarar da Na Zaɓo wa Kawu

Zuwa ga Yaya Sadiya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Sakkwato, ya maigidan da yara? Da fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Yaya, na yi abin kunya. Kawu Bala ya sa in zaɓo wa motarsa kyamarar nan ta gaban gilashi. Na yi ta karance-karance a waya, na dage sai mai ɗaukar murya, har na ce wa mai shagon bai san sana'arsa ba.

Ran Asabar ina tuƙi, ni da abokina Auwalu, wani ɗan tasi ya goge mu a Dutse Alhaji, ya kuma biyo mu har gida Gwarinpa yana rantse-rantse. Ina huci na kunna wa Kawu bidiyon a gaban ɗan tasin. Hoto ya wanke ni tas, ɗan tasin ne ya shigo hannuna a titi. Amma kafin a kai wurin, sai ga muryata rangaɗau ina kwaikwayon nasihar Kawu, "Kana ji ko, ɗana?", ina kiransa Gidan Rediyo, Auwalu yana ƙyaƙyatawa.

Har ɗan tasin ya sunkuyar da kai. Kawu ya ce, "Lalle ka iya zaɓe, murya ta fita."

Tun ranar, gaisuwa kawai yake amsawa. Mutumin da ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa! Don Allah ki kira shi, ke yana jin maganarki. Wallahi ko zagina ne ya yi, ina so.

Ki sa ni a addu'a, bakin nan ya ishe ni. A gaida kowa, amma kada Inna ta ji.

Ƙaninki,
Nura