Mangalar Keken Baba

Jega,
9 ga Nuwamba, 1992.

Zuwa ga Yayana Rufa'i,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Kubura da yara, da duk mutanenmu da ke nan Sabon Ibadan. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a cikin nema, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan Jega lafiya lau. Kaka ta yi kyau, gero ya cika rumbu, dawa ce dai tsuntsu ya ɗan taɓa. Maigidan ya zuba irin albasa a fadama har ya fara tsiro. Salma ta yi haƙora biyu, ba abin da ta bari ba ta ciza ba. Takardarka ta iso ta hannun Shehu direba, kuma na ga har yanzu Jihar Sakkwato kake rubutawa a bayan ambulan, alhali an fi shekara da ba mu tamu jihar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ka daɗe ba ka leƙo gida ba.

Yaya, na san abin da kake son ji, ba kuma zan yi ta kewaye-kewaye ba. Ka tambaye ni ko keken Baba yana nan a ɗaure yadda ka bar shi. Ba ya nan. Ni na buɗe kwaɗon da hannuna, ba wanda ya sa ni, kuma ban yi nadama ba. Kafin ranka ya ɓaci ka yaga takardar, ka daure ka karanta ta har ƙarshe, don ko alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin mai laifi.

Ban manta da bara ba. Ban manta ranar da aka kawo Baba a amalanke daga hanyar Gehuru, kafaɗa a karye, riga duk jini ba. Ni na yi jinyarsa wata biyu a gidan mai ɗori a Aliero. Da ka zo ka gan shi ka yi kuka, ka shiga kasuwa ka sayo sarƙa da kwaɗo, ka ɗaure keken a ginshiƙin zaure, ka danƙa mini makullin a gaban kowa. A ranar ni ma na ga daidai ne. To amma kai kwana huɗu ka yi ka koma, ni kuwa ina nan, kullum ni nake aika masa tuwo, ni nake ganin kwanon in ya dawo. Da farko kowace safiya sai ya ɗauki tsumma ya goge keken, ya ba tayoyin iska, keken da ba inda za shi. Daga baya ya daina. Ya daina kunna rediyo, ya daina tsokanar jikoki, tuwo ya riƙa dawowa da rabi. Kafaɗa ta warke sarai, amma mutumin sai ƙanƙancewa yake yi a kan buzu, in ka gaishe shi ya amsa da ka.

Ka san tun kafin a haife mu Baba yake wannan zagaye. Da an gama kaka sai ya ɗaure kaya ya bi dangi ƙauye ƙauye, Gehuru, Dangamaji, ya ratsa ta Maiyama ya ƙare a Andarai wurin ƙanwarsa Goggo Hafsatu, kwana shida ko bakwai ya dawo. Goggo yanzu ido ya tafi, sau uku tana aiko a tambaya ko wanta ya yi fushi da ita ne. Ka ce a sa shi a mota. Mota za ta ajiye shi a bakin titi a Maiyama, sauran tafiyar fa? Kuma Baba ba Andarai kaɗai yake zuwa ba. Duk gidan da aka yi rasuwa sai ya tsaya ya yi gaisuwa, duk inda aka haihu sai ya sa albarka, wani wurin ma don ya sha fura ya yi gardama da tsohon abokinsa ne kawai. Wane direba ne zai jira shi? Zumunta a ƙafa take, Yaya, shi kuwa ƙafarsa keken nan ne.

Na zauna na yi ta juya abin a raina, sai na gane ba keke ne ya kayar da Baba ba, ba kuma tsufa ba. Akwatin ƙarfen nan ne da yake ɗaurawa a kan kariya, wato mazaunin kaya na bayan sirdi, ya ɗora tabarma da bargo a bisa har kayan su kai masa tsakiyar baya. Ya zo sauka, ya ɗaga ƙafa, ƙafa ta harɗe da akwati. Ke nan in kaya suka sauko ƙasa, suka rataya a gefe da gefe, ƙafarsa za ta wuce ba abin da zai tare ta. Ina cikin wannan tunani sai ga mai jaki ya kawo mana ƙasar yaɓe, mangala a rataye dama da hagu, jaki na tafiyarsa ko a jikinsa. Na ce to, ga amsa ta zo har ƙofar gida.

Na roƙi Shehu direba wani yagaggen tamfol na motarsa, na wanke, na yanka. Allura uku na karya a keken ɗinkina kafin na haƙura na koma basilla da zaren dukawa, ina ɗinki da hannu har yatsuna suka yi kanta. Kwana tara na yi. Da na gama, mangala ce sak, har na fara yabon kaina. Muka cika ta da yashi, muka ɗora a keken maigidan, ya hau a ƙofar zauren Baba don a gwada. Yaya, ko taku goma bai yi ba buhun hagu ya lanƙwashe ya shige cikin ƙafar baya, wayoyin taya huɗu suka tsinke, maigidan ya yi sama ya dira a kwata da farar rigarsa ta Juma'a. Ina leƙe ta bayan ƙyaure, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na ji wata dariya da na yi wata da watanni ban ji ba. Baba ne, har da riƙe ciki yana share hawaye. Da ya sarara ya sa aka kira ni, ya ce ai jaki yana da ciki, cikin ne yake tokare mangala ta buɗe, keke kuwa ƙashi ne zalla, sai an yi masa haƙarƙari. Rannan kwanon tuwo wayam ya dawo.

Daga nan aikin ya zama namu mu biyu. Na lanƙwasa karan dawa na ɗaure da zare, na yi siffar abin da nake so, ƙarfe biyu da za su sauko daga kariya su tare buhu kada ya taɓa taya. Maigidan ya kai wa Ɗanasabe maƙeri. Da farko maƙerin ya ƙi, wai shekara talatin yana ƙira mace ba ta taɓa aiko masa da darasi ba, wai kuma ba ya son abin da zai haɗa shi da Rufa'i. Na aika masa cewa in rodi ne ya fi ƙarfinsa ya faɗa, akwai maƙera a Aliero. Washegari da hantsi sai ga ƙarfen an kawo, har da fenti. Ranar ce na ɗauko makulli a ƙasan adakata na buɗe sarƙar, don awon keken maigidan daban, na Baba daban.

Kada ka ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Da muka ɗaura, sai dunduniyar Baba ta riƙa bugun buhun duk juyin feda, dole na farke na yanke kusurwar gaba a karkace na sake ɗinkewa. Igiya kuma hannunsa na dama ba ya iya ƙulla ta da ƙarfi tun karayar, sai na yanka tsohuwar robar taya na sa mata ƙugiya, ja ɗaya ya maƙala. Na yi wa kowane buhu marfi mai saukowa saboda raɓa. Buta na yi mata aljihunta a gaba, in lokacin salla ya yi ba sai ya kwance kaya ba. Tabarma da bargo ana naɗe su siriri a ɗaure a kan keken ta gaba. Famfo da kayan faci suna dama, goro da sabulu da atamfar Goggo suna hagu, kuma da mudu muka riƙa aunawa har nauyin ya zo ɗaya, mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a bisa. Doka ɗaya na kafa masa, ba abin da za a ɗora a kan kariya ko da ƙullin goro ne. Ya ce tun da uwarsa ta rasu ba wanda ya kafa masa doka sai ni. Duk da haka sai da na sa shi ya hau ya sauka sau ashirin a tsakar gida ina ƙirgawa, ƙafarsa ko sau ɗaya ba ta taɓa komai ba.

Surutu kam na sha shi. Matan unguwa suna cewa Naja'atu ta gaji da jinya, tana neman hanyar da za ta huta. Ƙanenmu Anas ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwata, ya ce zai rubuto maka, wataƙila ma tasa takardar ta riga tawa isowa. Su yi ta faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk masu maganar nan ba wanda ya taɓa zama da Baba daga azahar zuwa la'asar ya ji bai ce uffan ba. Kai ma, Yaya, da girmanka da komai, ka ɗaure keke ka tafi da kwanciyar hankalinka, ka bar ni da kallon abin da sarƙar take yi masa. Ban faɗa don raini ba, Allah ya sani, amma gaskiya ce kuma sai na faɗe ta.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi yi mini nauyin rubutawa. Ana saura kwana uku ya tashi, Baba ya ce in ƙara masa aljihu ɗaya a cikin buhun dama, shimfiɗaɗɗe, kamar faɗin allo, wanda ruwa ba zai shiga ba ko kogi aka faɗa. Na ɗauka na magani ne. Na ninka tamfol biyu, na yi masa ɗinki biyu. Da na kawo sai ya shiga ɗaki ya fito da farin yadi a ninke, da ɗan ƙullin turare. Likkafaninsa ne, Yaya. Ya ce tun rasuwar Inna da shi yake tafiya, ba wanda ya sani, don in kwana ya ƙare a hanya ba ya son ya ɗora wa mutanen ƙauye wahalar neman yadi. Wallahi a wannan lokacin na so in mayar da sarƙar, na tsaya ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce mutuwa ta san hanyar zaure kamar yadda ta san hanyar Andarai, shi dai ya fi son ta same shi yana kan zuwa wurin 'yar'uwarsa. Na share hawaye na karɓi yadin, ni na sa shi a aljihun da hannuna na rufe.

Sai ya ce in kawo takarda in rubuta sunansa da unguwarmu, da wanda za a fara sanarwa, a sa tare da yadin. Na fara rubuta sunan maigidan tunda shi ne kusa. Ya ce a'a, in goge. Ya ce in rubuta Rufa'i, Sabon Ibadan, ta hannun Shehu direba, don kai ne babba, kuma ya san duk cikinmu ba wanda ya kai ka jin tsoron rasa shi. Ya ce bai taɓa riƙe ka a zuci ba ko na kwana ɗaya.

Jiya da hantsi ya tashi, da sunanka a buhun dama. Na tsaya a bakin zaure har ya sha kwanar masallaci, zaune daram a kan sirdi, bai ko waiwayo ba. In za ka yi fushi, da ni za ka yi, na ɗauka. In wani abu ya same shi a hanya, ni za a nuna da yatsa, wannan ma na ɗauka tun ranar da na buɗe kwaɗon. Amma in ya dawo lafiya, baɗi ma zai tafi, kuma ba zan sake karɓar makulli daga hannun kowa ba.

Ka gaishe mini da Kubura da kyau, ka ce ban manta da alkawarin daddawarta ba, tana nan tafe. Ka shafa mini kan Waliyyu da Zaituna, Allah ya raya su. Ka gaida Kawu Tukur da iyalinsa. Maigidan yana gaishe ka, ya ce shi nasa rabon ya riga ya karɓa a kwata. Anas ma na san zai so a gaishe ka, ko da yake bai ba ni saƙo ba. In lissafin Baba ya yi daidai, yau a Dangamaji zai yini. Ka sa shi a addu'a in ka idar da salla.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Naja'atu.