Hankicin da Ya Rage a Aljihu

Mamelodi, ranar Talata

Zuwa ga Mahlodi, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan jar ƙasarmu, furen jakaranda da ya faɗo mini a kafaɗa ban roƙa ba.

Na rubuta wannan takarda na yage, na sake rubutawa na yage. Kin san halina, ko shayi zan haɗa sai na yi shakkar sukarin. Amma akwai abin da ban yi shakkarsa ba tun ranar Lahadi: duk faɗin garinmu Mamelodi babu namijin da ya kai ni alfahari.

Kin tuna yadda aka yi a garejin Ntate Seloane, dattijon da ke shugabantar ƙungiyarmu ta masu sauraron kiɗan jaz? Da layi ya zo kaina, na zaro faifan nan na mutanen New Orleans da kawuna ya bar mini, mai kwalin da tsufa ya mayar ruwan ƙasa. Ban gama hure ƙurar allurar garmaho ba ɗan ƙungiyarmu Bra Fanyana ya ɗaga murya: "Jama'a, a cire huluna, Lesiba zai sake binne mana kakansa!" Aka kwashe da dariya. Su dai a ba su na zamani, mai busa ɗaya ya yi ta kukansa shi kaɗai har nama ya huce.

Allura ta sauka. Aka fara jin ƙarar nan kamar ana soya albasa a ɗakin maƙwabta. Sai ƙaho ya keta ta ya fito, sarewa ta bi shi tana kewaya shi kamar tsattsewa, dogon ƙahon nan da ake ja ana turawa yana gurnani daga ƙasa. Kowa na faɗin tasa a lokaci guda, amma babu mai taka ɗan'uwansa. Filin rawa kuwa wayam, ba wanda ya motsa. Na ce a raina, shi ke nan Lesiba, ka sake jawo wa kanka.

Sai kika miƙe.

Wayyo Mahlodi! Ke da kika ce mini rakiya kawai kika yo, ba ki san kan wannan kiɗa ba! Wa ya koya wa kafaɗarki bin sarewa? Wa ya gaya wa dugaduganki inda mai ganga zai yi shiru, har kika tsaya cak tare da shi, ƙafa ɗaya a sama, kamar zalɓe a bakin rafi? Mutanen da suka busa wannan kiɗa sun daɗe a ƙasa, can ƙetaren teku, amma na rantse ke suke jira. Shekara da shekaru ina wanke faifan nan da ruwan ɗumi da tsumma mai laushi, ina kare shi daga rana da bakin Fanyana, ashe duk tanadin wannan rana nake yi. A littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana, ni mai cika shafi a kan lattin jirgin ƙasa, layi ɗaya na iya rubutawa: ta yi rawa da faifaina.

To, ga abin da ya hana ni sukuni. Kin ga al'adarmu da idonki: wanda rawarsa ta kai, sai a durƙusa a gabansa a goge masa takalmi da hankici. Nawa na cikin aljihu, a goge, a ninke. Abin da ba ki sani ba, don ranar ce zuwanki na farko, mai faifai ba ya barin gaban garmaho sai allura ta tashi, ko da rufi zai faɗo. Haka na tsaya ƙiƙam, hannuwa a baya, ina kallo Fanyana ya durƙusa a inda ya kamata a ce ni ne. Har da ɗago kai yana cewa, "'Yar'uwa Mahlodi, ƙafa irin wannan ba a barin ta a hannun mai gadin allura." Kika dube ni ta saman kansa. Ni kuwa na yi miki murmushi kamar wawa. Kafin a kawo tuwon masara kin ɗauki jakarki kin fita, kuma har yau ba ki ɗaga wayata ba.

Kina tsammanin na zaɓi baƙin faifai na bar ki? Haba hasken ɗakina, haba inuwar dutsenmu da la'asar!

Lahadi mai zuwa a gidana za a zauna. Jiya na je wurin Ntate Seloane na roƙe shi izinin abin da ba a taɓa yi ba a ƙungiyar nan: in sa faifaina, wani ya tsare mini allura. Na ce shi nake so ya tsare. Ya miƙo mini hannuwansa biyu, suna rawa kamar ganye, ya ce, "Ɗana, kai da ko inuwarmu ba ka yarda ta taɓa kwalin nan? Dubi hannun da za ka ba shi. Zan karce maka gadon kawunka fa." Na ce na gani, Ntate. Sai ya ce, "To ka sayi sabon wando, ƙasan gidanka akwai tsakuwa."

Ki zo, Mahlodi. Ki sa takalman nan naki jajaye. Ko ba ki yi rawa ba, ko tsayuwa kawai kika yi a bakin ƙofa kina hararata, zan durƙusa a gaban kowa, in goge na dama in goge na hagu, ba zan tashi ba sai kin ce in tashi. In faifan ya karce, ya karce. Zan ci gaba da sa shi har tsufana, duk sanda allura ta zo wurin ta yi tsalle in gaya wa wanda ke kusa da ni: nan ne na bar ta na tafi wurin Mahlodi.

Naki ke kaɗai, yau da gobe, har ranar da za a cire mini huluna da gaske,

Lesiba